Mota Ba Ta Ja: Laifin Injekta Ne Ko Na Jarka?

A ƙauyukan yammacin Kano, daga Ƙaraye zuwa Rogo har ka dangana da iyakar Katsina da Kaduna, motar da ke ɗauke da jama'a ita ce Golf. Ranar kasuwa za ka hango ta tafe, baya ya zauna, but a buɗe an ɗaure shi da igiya, buhunan masara ko damin rake sun leƙo waje, mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, huɗu ko biyar a baya. Zoza, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Rogo, tana cikin garuruwan da harkarsu ta rataya a wuyan wannan mota da babur. Ƙasar Rogo ta kai faɗin murabba'in kilomita 802, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutum 227,742, akasarinsu manoma a warwatse cikin ƙauyuka. Duk buhun da zai bar gona ya tafi Maƙarfi ko Ɗanja ko Dawanau, sai inji ya ja shi.

In ka zauna a inuwar tasha, ƙorafin direbobi kusan ɗaya ne. Mota ba ta ja. Tana shan mai kamar ba gobe. Da safe sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi tana karkarwa a silo, in an taka totur sai ta shaƙe tukuna kafin ta ɗauka. Da an kai ta gareji, tun kafin a gama ɗaga bonet an yanke hukunci: injekta ce. Magani kuma biyu ne ake bayarwa. Ko a wanke ta, ko a cire ta gaba ɗaya a ɗora kafireto, a huta.

Injekta tana toshewa, wannan ba ƙarya ba ne, kuma wanke ta yana da amfani in an iya. Sai dai a jerin masu laifi ita ce ta ƙarshe. Abin da aka zuba a tanki shi take karɓa, umarnin da kwamfutar mota ta ba ta shi take bi. Wanda ya wanke ta ya bar abin da ya toshe ta, bayan 'yan makonni zai sake dawowa gareji da kuka iri ɗaya.

Jinin motar gudu

Ba kasafai ake ganin ƙaramar motar tsere a hanyar Zoza ba, kuma ko an kawo ta ƙasanta zai sha duka a ramuka. Amma Golf ɗin da ake yi wa lodin hatsi 'yar gida ɗaya ce da wata mota da ta yi suna a fagen gudu. A 1976 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf GTI. Injinta lita 1.6 ne kacal, ƙarfinsa doki 110, nauyin motar duka kilo 810. Takan kai gudun kilomita 100 cikin kimanin daƙiƙa 9 daga tsaye, kuma tana iya taɓa kilomita 182 a awa. Kamfanin ya yi niyyar ƙera 5,000 ne kawai, sai kasuwa ta buɗe har aka sayar da sama da 450,000 na wannan zubin na farko. Golf ta gama-gari mai inji lita 1.6 a wancan zamani doki 75 take bayarwa. Ba injekta kaɗai ta kawo wannan tazara ba, domin an ƙara matsin inji an kuma faɗaɗa bawul, amma tsarin feshin mai na Bosch K-Jetronic da aka sa mata a madadin kafireto shi ne ƙashin bayan aikin.

Tun kafin nan ma motocin gudu ne suka fara tallata fasahar. Mercedes 300 SL ta 1954 da injekta ta fito. A 1967 Bosch ya kawo D-Jetronic, tsarin da lantarki ke sarrafawa, aka fara ɗora shi a Volkswagen 1600. Abin da ya kori kafireto daga Turai dai ba son gudu ba ne, dokar hayaƙi ce. Daga 1992, lokacin da ƙa'idar Euro 1 ta fara aiki, ya zama dole sabuwar mota mai fetur ta ɗauki matatar hayaƙin nan da kanikawanmu ke kira indomi, ita kuwa ba ta aiki daidai sai an auna mai da iska awo na tsanaki, abin da kafireto ba ya iyawa. Golf 3 ta fito a 1991, daidai wannan gaɓa, shi ya sa waɗanda aka ƙera don kasuwar Turai, waɗanda daga baya suka biyo ta Kwatano suka iso mana, da injekta suka zo.

Mu kuwa a nan hannunmu ya faɗa a kan kafireto. Peugeot 504 da masana'antar PAN ta riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 kafireto gare ta. Babur ɗin Bajaj da Jincheng, injin ban-ruwan da ake noman rani da shi a bakin madatsar Challawa ta Ƙaraye, ƙaramin janareton shago, duk kafireto ne. Yaron da ya tashi a garejin karkara ya kwance kafireto ya ɗaura ba adadi kafin ya taɓa riƙe mitar awon wuta. Ba abin mamaki ba ne in ya ga injekta a matsayin baƙuwa mai wuyar sha'ani.

Abin da ke faruwa a bakin nozul

Injekta ba wani abin tsoro ba ce. Ƙaramar ƙofa ce da maganaɗisun lantarki ke buɗewa. Famfon da ke cikin tanki yana turo fetur da ƙarfi, ya bi ta filta, ya cika bututun da injektoci ke jere a jikinsa. Kwamfutar motar, wato birenbos, ita ke aiko da wuta, allurar ciki ta ɗaga, mai ya fita ta ramuka ƙanana ƙwarai, wuta ta ɗauke, allura ta koma ta rufe. In inji yana silo, kowace buɗewa ba ta wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya ba. Abin da kwamfuta ke nema shi ne kowane awo ɗaya na fetur ya gamu da awo 14.7 na iska, ta fuskar nauyi.

Manomin Zoza ya fi kowa saurin gane wannan, domin ya san famfon feshi da ake goyawa a baya. In bakinsa yana da tsabta, magani yakan fita kamar hazo ya lulluɓe ciyawa. In ɗan datti ya maƙale, sai ya riƙa tsartuwa ta gefe ɗaya ko yana ɗiga, a ƙarar da magani gona ba ta samu ba. Haka fetur yake a inji. Wanda ya fita a hazo yana gauraya da iska ya ƙone tas. Wanda ya fita a tsartuwa yakan jiƙa bangon bututu, wani ya ƙone rabi da rabi, wani ya fita ta salansa, wani ya gangara ya tsinka baƙin mai.

Akwai wani abu kuma da ke ɗaure wa direbobi kai: ta yaya nozul zai toshe, mai ya rage shiga, amma mota ta ƙara shan mai? Amsar tana jikin salansa. Akwai sensar da ke sansano iskar oksijin da ta rage a hayaƙi, kuma hayaƙin silinda huɗun take ji a haɗe. In injekta ɗaya ta toshe, silindarta ba ta samun isasshen mai, sai iska ta yi saura. Sensa ta kai rahoto cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta kuma ba ta san wace ce mai matsalar ba, sai ta ƙara wa dukansu. Uku su ƙoshi har su yi amai, ɗaya tana nan da yunwarta. Ga ƙarfi ya ragu, direba ya ƙara danna totur, ga mai yana tafiya. In aka kwance filogi za a ga shaidar: uku sun yi baƙi da gawayi, ɗaya ya yi fari fat.

Wannan ya shafi injin da kowace silinda ke da injektarta, irin na GTI mai lita 2.0 da doki 115, ko motocin Japan irin su Corolla da Civic. Golf 3 mai lita 1.8, wadda ta fi yawa a tashoshinmu, injekta ɗaya tak gare ta a saman maƙogwaron inji, inda kafireto ke zama a da. Tsarin Mono-Motronic ke nan. Shi yana da wani sauƙi da ba kowa ke amfana da shi ba: in aka cire murfin sama inji yana aiki, da ido za a ga feshin. A haska tocila a duba. In ya buɗe kamar mazurarin da aka kife, lafiya lau. In yana zuba ko yana karkata, an kama ɓarawo.

Daga ina dattin yake?

Iri biyu ne. Na farko ko a Jamus yana faruwa. Duk lokacin da aka kashe inji da zafinsa, ɗigon man da ya rage a bakin nozul yakan dahu, mai sauƙin ya tashi, mai danƙon ya bushe ya zauna. Yau kaɗan gobe kaɗan har rami ya tsuke. A shekarun 1980 wannan matsala ta addabi masu motoci a Amurka, har ta kai daga 1995 doka ta wajabta a riƙa zuba sinadarin wanki a duk fetur ɗin da za a sayar a ƙasar. A 2004 wasu kamfanonin motoci, ciki har da Toyota da Honda da BMW da General Motors, suka ga abin da doka ta tanada bai isa ba, suka kafa tasu ƙa'idar mai tsauri da ake kira Top Tier.

Na biyun shi ne namu. Inda gidan mai ya yi nisa, ko ya rufe, ko layi ya yi tsawo, ɗan bumburutu ne ke ceton direba. Ba kowane ɗan bumburutu ne ke algus ba, kuma ba sai an yi algus mai ke lalacewa ba. Dubi yadda man ke tafiya: daga famfo zuwa jarka, daga jarka zuwa galan ko gorar ruwa, a jera a kan tebur cikin rana, sannan a juye ta mazurarin da ya wuni a bakin titi yana shan ƙurar hunturu. Wani ya ɗaura tsumma a bakin mazurari, wani ko oho. Jarkar wataƙila ta taɓa ɗaukar man gyaɗa ko ruwa. Fetur ɗin da ya daɗe a zafi kuma yakan rasa ƙarfinsa ya fara danƙo tun bai shiga mota ba. Da damina ruwa kan sami hanyar shiga, har a tankunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen man da ba a kula da su. Tankin Golf na roba ne, ba ya tsatsa, amma duk abin da aka zuba yana nan kwance a gindinsa yana jiran famfo.

Wani lokaci kuma ɓarnar daga sama take. A ranar 8 ga Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai ta tabbatar da cewa an gano fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima a kasuwa. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi dakonsa. Janye shi daga kasuwa ya jawo dogayen layuka na makonni. Metanol yana jan ruwa, yana cin robobin da ke hana yoyo, yana kuma taɓa wasu ƙarafa, don haka famfo da injekta su ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu.

Sai kuma tsada, wadda ta sauya yadda ake shan mai gaba ɗaya. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafi, lita ba ta kai Naira 200 ba a gidajen NNPC. Cikin kwana biyu ta haura 500 a yawancin jihohi. A Oktoban 2024 ta tsallake 1,000 a Abuja. Direban da a da yake cika tanki ya koma sayen na zuwa, in ya sauke fasinja ya sayi na dawowa. Allurar mai kullum tana kan ja. Famfon da ke cikin tanki kuwa fetur ɗin da ya nutse a ciki shi ke sanyaya shi. Tankin da kullum yake ƙasa yana sa famfo ya yi zafi, ya riƙa jan iska a kwana da gargada, ya gaji tun lokacinsa bai yi ba. Famfon da ya gaji ba ya kawo matsin da ake buƙata, feshi ya lalace, a ce injekta ce.

Wankin batir da wankin na'ura

Ga yadda ake yi a yawancin garejojin bakin hanya. Oga ya kwance bututun da injektocin ke jiki, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa yaro. A samo sirinji ko guntun tiyo a cusa a bayan injekta, a ɗura ruwan gwangwanin wanke kafireto. Yaro ya riƙe waya biyu, ɗaya a kan batir, ɗayar yana ɗan taɓawa yana ɗagawa. Kana jin ƙas, ƙas, ƙas, ruwan yana fita ta baki. Da farko yana tsartuwa, in an dace bayan ɗan lokaci ya buɗe. Oga ya ɗaga ta sama ya duba a hasken rana, ya ce wa mai mota, Alhaji ka gani da idonka. A mayar a ɗaure.

Ba zan raina wannan aikin ba, domin yana tayar da motar da ta kwanta, kuma kuɗinsa talaka na iya biya. Amma yana da haɗari da iyaka. An gina injekta ne don a ba ta wuta ta ɗan ƙiftawa. In yaro ya shagala ya danne wayar, naɗin wayar cikinta zai yi zafi ya ƙone. Injektocin da ke jere galibi juriyarsu om 12 zuwa 16 ce, suna ɗan haƙuri. Ta Golf mai guda ɗaya ba ta kai om 2 ba, batir kai tsaye yana iya gamawa da ita nan take. Ga tartsatsin waya kusa da feshin abu mai kamawa da wuta. Mafi muni shi ne wanda zai ɗauko allura ko silin waya ya ce zai zungure ramin. Ramin da aka fasa da awon da ido ba ya gani, in aka ƙara masa faɗi ko aka karce shi, ya tashi daga aiki har abada.

Iyakarsa kuwa ita ce ido yana ganin siffar feshi, ba ya ganin yawansa. Injektoci huɗu suna iya yin hazo mai kyau alhali ɗaya tana ba da ƙasa da sauran. Wannan sai na'ura. Ana jera su a kan teburin gwaji, kowace da kwalbarta mai layukan awo, a ba su matsi ɗaya da bugu ɗaya, a duba inda ruwan kowace ya tsaya. Bambancin da ya wuce kashi 5 cikin 100 galibi ana ɗaukarsa matsala. Sai a tsoma bakinsu a wani ɗan baho mai girgiza ruwan wanki da sautin da kunne ba ya ji, wajen bugu 40,000 a daƙiƙa, ana buɗe su ana rufewa har danƙon ya saki. A tura ruwa ta baya don ya fito da abin da ya maƙale. A sake aunawa. A kuma bar su cikin matsi a rufe a ga ko akwai mai ɗiga, domin injekta mai yoyo ita ke sa mota ta ƙi tashi da zafi, ita ke sa a ji warin fetur a jikin sandar awon baƙin mai.

Abu biyu ƙanana ake yawan tsallakewa, kuma su ne suka fi araha. A bayan kowace injekta akwai 'yar rariya da ba ta kai kan ɗan yatsa ba, ita ce shingen ƙarshe. In ta cika, canza ta ake yi. Sai zoben roba na sama da na ƙasa. Tsohon zobe da ya bushe in aka mayar da shi, na ƙasa zai riƙa shan iska ta gefe ya ɓata silo, na sama kuma zai riƙa zubar da fetur a kan inji mai zafi. Motocin da ke kamawa da wuta a hanya, wasunsu daga irin wannan ganganci ne.

Maganin kwalba da ake juyewa a tanki fa? Wanda ke ɗauke da sinadarin PEA, irin Techron na kamfanin Chevron, yana narkar da danƙo a hankali in toshewar ba ta yi nisa ba. Ba ya narkar da yashi, ba ya gyara naɗin waya da ya ƙone. Kasuwa kuma cike take da kwalabe masu kyan takarda da ba wanda zai rantse a kan abin da ke cikinsu. In tanki ya riga ya tara laka, hanya ɗaya ce: a sauke shi a wanke, a canza rariyar famfo da filtar mai.

Masu laifin da ba a kamawa

Kafin a taɓa injekta, akwai tambayoyin da ya kamata bakanike ya yi wa motar. Ta farko: nawa ne matsin mai? Inji mai injektoci a jere yana son matsi wajen bar 3, na Golf mai guda ɗaya wajen bar 1. Agogon awon matsi ba shi da tsada, amma garejin da ke da shi a karkara ƙalilan ne. Abin da aka saba shi ne a zare tiyo a murza makulli, in mai ya yi tsalle a ce famfo lafiya. Famfon da ke tsalle a sarari yana iya durƙushewa da zarar an ɗora masa aiki.

Ta biyu ita ce wadda ta fi ba ni takaici, domin da hannunmu muke yin ta. Da mota ta iso daga Turai, abin da ake fara yi mata shi ne a cire tamostat, a haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga murza makulli, wai ƙasarmu da zafi. Inji mai injekta an tsara shi ne ya yi aiki ruwansa yana wajen digiri 90. In bai kai ba, sensar zafi tana gaya wa kwamfuta cewa har yanzu da sanyi, ita kuma ta ci gaba da ƙara mai kamar an ja cok. Da hunturu, motar da ta bar Zoza da asuba tana iya yin tafiya mai nisa injinta bai ɗumama yadda ya kamata ba. Man da ya yi yawa ya wanke bangon silinda, ya cinye zobe, ya rufe filogi da baƙi. Ko sau goma aka wanke injekta, ba abin da zai sauya.

Haka nan in an fasa salansa an ciro indomi an sayar, sau da yawa ana yanke wayar sensar oksijin ko a bar ta a mace. Kwamfuta ta makance, ta koma aiki da ƙiyasi, ƙiyasinta kuwa ya fi karkata ga yawan mai. Sai iyakilina, wanda a hanyar burji da ƙurar Disamba yake cika cikin ɗan lokaci. Ana buga shi a jikin taya a mayar, wani in ya gaji ya jefar da shi ya bar inji yana shaƙar ƙasa. Ga filogi na jabu, ga wayoyinsu da suka tsattsage, ga tiyon iska da ya fashe aka naɗe da leda.

Duk wannan ne ke kai mai mota ga yanke shawarar a juye ta kafireto. Kuma a yi adalci, yana da hujja. Kafireto in ya toshe a tsakiyar daji, da sukundireba da bakinka za ka busa ka tashi. Kayansa suna nan ko'ina, na Golf 2 ma ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Injekta in sensa ta mutu a ƙauye sai an aika birni. Lokacin da lita take ƙasa da 200, ɗan ƙarin shan mai bai dami kowa ba. Yanzu lissafin ya juya. A ɗauka direba yana ƙona lita 20 a wuni, kuma rashin daidaiton awo yana cinye masa ɗaya cikin goma. Lita 2 ke nan kullum. In lita tana Naira 1,000, a wata ya yi asarar 60,000 ba tare da ya ga fitarsu ba. Cikin 'yan watanni wannan asara ta wuce kuɗin da zai gyara wayoyin injekta ya sayi sensa mai kyau.

Neman ƙarin ƙarfi

Akwai samarin da ba lodi ne ya dame su ba, so suke mota ta amsa da an taɓa ta, a ji ƙararta ranar ɗaurin aure. Su ya kamata su fara jin wannan: wanki ba ya ƙara wa inji doki ko ɗaya a kan abin da aka ƙera shi da shi. Abin da ya ɓace yake dawowa da shi. Sayen injekta mai babban rami ma ba ya ƙara komai, domin iska ce ke iyakance ƙarfin inji, ba mai ba. In ka ɗura mai fiye da iskar da ke shiga, hayaƙi ka saya. Wannan ma abin lura ne ga mai sayen injektar gwanjo: biyu suna iya kama da juna kamar an tsaga kara, amma awonsu daban. Lambar da ke jikinta ake dubawa, ba launi ko tsawo ba.

Iskar ma a nan ba ta kai ta inda aka auna dokin ba. Iskar Afrilu mai digiri 40 ta fi ta digiri 20 sakayau da kimanin kashi 6 cikin 100, ga ƙasar tana kan tudu, kowane mita 100 na hawa yana rage wajen kashi 1. Shi ya sa direba kan ji motarsa ta fi kuzari da daddare. Masu cire akwatin iyakilina su ɗaura buɗaɗɗen nan mai kama da hula suna samun ƙara, amma iskar zafin cikin bonet suke shayar da inji, haɗe da ƙura.

Sirrin ƙaramar motar gudu kuwa rashin nauyi ne. Mazda MX-5 da ta fito a 1989 ta zama zakara a irin waɗannan motoci, dokinta wajen 115 ne kacal, sai dai nauyinta bai kai tan ɗaya ba. GTI ta farko kowane dokinta kilo 7 da 'yan kai yake ja. Golf wagon mai doki 90 da aka cusa wa mutum takwas da buhu uku ko huɗu tana dosar tan 2, wato kowane doki yana fama da fiye da kilo 20, ga tayoyi sun lotsa, ga wataƙila birki yana kamawa. Direban da ke cewa ba ta ja a hawa, wani lokaci injinsa ba abin da ya same shi.

Motocin da ke tafe

Golf 3 an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990, kuma tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ga faɗuwar Naira, samun mai lafiya ya ƙara wuya. Masu maye gurbinta, irin su Sharan da Sienna da Corolla, kwamfutarsu ta shiga ko'ina, a wasu har da giya, ba a juye su kafireto cikin sauƙi. Sai dai sun zo da wata dama. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, duk suna da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari. Da 'yar na'urar da ake haɗawa da wayar hannu, bakanike zai ga zafin da kwamfuta ke karantawa, ya ga yawan man da take ƙarawa, ya ga lambar cuta: P0171 in mai ya yi kaɗan, P0302 in silinda ta biyu ce ke tsallake wuta. Ba lallai lambar ta ce injekta ce ba, amma tana nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Bayan su kuma akwai masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin Golf GTI ta biyar da ta fito a 2004, waɗanda matsin mansu ke haura bar 100. Waɗannan sirinji da batir ba su da abin yi a kansu, kuma ba sa yafe gurɓataccen mai ko kaɗan. A zamanin Gwamna Ganduje gwamnatin Kano ta tura matasa cibiyar horo ta PAN a Kaduna don koyon gyaran irin waɗannan motoci, sai dai wanda ya ƙware a wannan aiki birni yake zama, inda manyan motoci suke. Teburin gwajin injekta ba ya cin wuta mai yawa, sola madaidaiciya za ta riƙe shi, kuma motocin da ke zirga-zirga tsakanin Ƙaraye da Rogo da Maƙarfi sun isa su ciyar da mai shi. Kafin wani ya yi wannan jarin, direban Zoza da ke son a auna masa injekta da gaske sai ya ajiye mota, ya ƙulle su a leda, ya biya kuɗin motar wani zuwa Kano, ya rasa lodin wuni guda. Yawancinsu in suka lissafa sai su ce wa oga ya kawo batir.